Laftof a Madadin Golmo

Kaduna, watan Mayu

Yaya Rebecca,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Baban Hannah da yaran duka. Mu nan alhamdulillahi, sai dai gwiwar nan tawa da ta ƙi barina. Likita ya ce in rage tuwo, na ce masa ya fara rage nasa mu gani.

Na rubuto ne ta hannun Arzika direba, don na san wayar gidanku ɗaya ce, kuma kullum tana aljihun Baban Hannah. Maganar mata ba ta yiwuwa ta can. Kwalin da zai ba ki, kada ki bari a ɗora masa buhu. Laftof ce a ciki, saƙon Dominic zuwa ga Hannah da yake neman aure.

Yaron nan ya zo min daga bariki ran Asabar, fuska a kumbure. Ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe a golmo, kuma ba za a ba shi hutun damina ba. 'Ya'yana da aka haifa a birni suka tambaye shi mene ne golmo. Da ya gaya musu noma ne da saurayi ke yi wa uban yarinya shekara bayan shekara kafin a ba shi ita, sai suka kwashe da dariya. Na ce su yi shiru, ubansu ko ciyawar ƙofar gidanmu bai taɓa cirewa ba. To, tunda Dominic ba zai samu zuwa gona ba, ya ce bari ya kawo abin da Hannah ta fi bukata, tunda bana take rubuta binciken kammala karatunta, kuma kullum sai ta bi layi a shagon masu buga takardu.

Ni na raka shi kasuwa. Sabuwa dai ta fi ƙarfinsa, sai muka koma ta hannu. Wadda muka ɗauko kyakkyawa ce, ba ta daɗe da fitowa ba, har da sauran garantin kamfani a takardarta. Amma ki ji wannan da kyau. A bayanta akwai 'yar sitika da ake mannawa a kan sukurun da ke riƙe murfinta, alamar ba a taɓa kwance ta ba. Ta wannan a yage take. Mai shagon bai ɓoye ba, ya ce mai ita na farko ya buɗe ta ya ƙara mata wani abu, don haka garantin ya mutu, kuma shi ma in ta fita daga shagonsa ta fita ke nan. Shi ya sa ta yi sauƙi. Dominic ya tsaya yana juya ta a hannu, ni kuwa na ga tana kamawa tana haske garau, na ce masa ya ɗauka, 'yar takarda ce kawai ta yage.

Ki gaida min Hannah. Ki ce mata daddawar da ta yi alkawari har yau ina jira.

Ƙanwarki,
Munira

Dabai, watan Yuni

Ƙanwata Munira,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an gama shuka. Ki riƙa shafa wa gwiwar man kaɗe da ɗumi, kuma ki ji maganar likita ko da rabi ne.

Kwalin ya iso lafiya. Hannah ta buɗe shi a tsakar gida, ta yi tsalle har ɗankwalinta ya faɗi. Yanzu ba a ganinta sai da ita, daga makaranta a Zuru zuwa gida, a cikin jakar da ta ɗinka mata da ragowar atamfata.

Babanta ne ya ba ni aiki. Kin san Philip, shi da ya yi golmona a gonar Baba har tafin hannunsa ya zama kamar fata, ba ya wasa da wannan al'ada. Ya zauna ya kalli laftof ɗin ya daɗe, ya ce ita wannan ba ta huɗa, ba ta cire ciyawa. Na ce masa yaron nan bai taɓa fashin damina ba kafin ya shiga soja, shi da abokansa, kuma ba don ƙiwuya ya rasa ta bana ba. Sai Hannah ta juyo masa laftof ɗin, ta nuna masa hoton gonarsa da ta saka a cikin bincikenta na cutar dawa. Nan na ga jikinsa ya yi sanyi.

Ranar Lahadi bayan coci ya tara 'yan'uwansa, ya ce ya karɓi laftof a madadin noman bana, biki kuma watan Disamba. Wansa bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya ce in aka fara haka, gobe wani zai kawo rediyo ya ce a ba shi mata. Philip ya ce 'yarsa ce, ya gama magana. Ki san cewa ya sa kansa a gaba ne saboda wannan abu, Munira, kuma idanun dangi duk suna kansa.

Maganar sitika kuwa, na karanta, amma ban karanta masa wannan wurin ba. Na ga abu yana aiki, mi zai sa in tsokano magana? Ga daddawa nan da man gyaɗa. Hannah ta ce ki yi haƙuri da jinkiri.

Yayarki,
Rebecca

Dabai, watan Agusta

Munira,

Ina fata kuna lafiya. Mu jiki lafiya, amma hankali a tashe yake. Laftof ta mutu.

Tun watan jiya ta fara zafi, har Hannah ba ta iya ɗora ta a cinya. Sai ta fara ɗaukewa da kanta ana tsakiyar aiki. Shekaranjiya da rana tana rubutu a ƙarƙashin mangwaro, sai allon ya yi baƙi, wani wari kamar na ƙonannar roba ya tashi. Daga nan ko motsi.

Mun hau babur mun kai ta wurin mai gyara a Zuru. Da ya kwance ta ya kira mu mu gani da idonmu. Batirin ba nata ba ne, ya kumbura kamar burodi. Fankar da ke sanyaya ta da gam aka liƙe ta. Akwai kuma wani kore-kore a ciki, wanda ya ce alama ce ta taɓa shan ruwa aka busar aka rufe. Ya ce wanda ya buɗe ta da farko ba ƙari ya yi mata ba, ɓarna ya ɓoye. Ya tambaye mu ko tana da garanti, na nuna masa takardar, shi kuma ya nuna min wurin sitikar da yatsa, ya girgiza kai. Aikin da Hannah ta rubuta a ciki ma bai iya ciro shi ba. Allah ya sa tana da wanda ta fara yi da hannu, amma duk gyaran da malaminta ya yi mata ya tafi.

Ta yi kuka, na yi. Ba aikin ne ya fi ci mata rai ba, ta san abin da zai biyo baya. Kafin mu iso gida magana ta riga mu. Wan Philip har ya zo ya zauna a ƙofar gida, yana cewa ai ga golmon zamani nan, ko kaka bai kai ba. Philip kuwa ya juyo gare ni. Ya tambaye ni ko na san an taɓa buɗe ta, na ce na sani. Tun daga ranar abincina yake ci, amma ba ya kallona.

Na ba Arzika ita da rasit ɗin da takardar garanti. Don Allah ki koma wurin mai shagon, ko zai ji tausayi ya canza. In wata ta zo kafin dangi su sake zama, wataƙila a rufe maganar.

Rebecca

Kaduna, watan Satumba

Yaya,

Gaisuwa, da jaje. Wallahi tunda na karanta takardarki abinci ba ya min daɗi.

Na je shagon, na je na sake zuwa. Mutumin bai yi min rashin kunya ba, da ma ya yi, da na samu inda zan sauke fushina. Rasit ɗin kawai ya buɗe, ya nuna min inda aka rubuta ba canji, ba dawowa. Ya tuna min cewa ya faɗa mana da bakinsa, kuma ni ce na ce a ɗauka. Na ce ai cewa ya yi ƙari aka yi mata, bai ce ta sha ruwa ba. Ya rantse shi ma haka aka sayar masa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Allah ya sani. Daga nan na tafi ofishin masu gyaran kamfanin da takardar garanti. Wata yarinya mai fara'a ta juya bayan laftof ɗin, ta kalli sukurun, ta miƙo min abata. Ta ce da sitikar tana nan da sun gyara kyauta, amma tunda wani ya riga ya shiga cikinta, ba su da hannu a ciki.

Ga wata kuma da ban so in rubuta ba. An karanta wa su Dominic sunaye, cikin watan Janairu za a tura su gabas, bakin daga. Ba a faɗi ranar dawowa ba. Ya zo gidana ya zauna a kan tabarma, babban soja da shi, yana ta murza hularsa. Ya ce shi dai burinsa ya tafi yana da mata, ko da mako ɗaya suka yi tare. Ya nemi rance a wurin abokai ya sayi wata, amma na hana shi. Wadda kuɗinsa zai iya saya irin waccan ce, ba zan bari a sake maimaitawa ba.

Na mayar miki da laftof ɗin, tunda ta Hannah ce ko a mace. Kada ki sake aiko min da takarda a kan wannan magana, Yaya. Ba abin da rubutu zai gyara a nan.

Munira

Dabai, watan Oktoba

Munira,

Kin ce kada in rubuto, to na rubuto. In kin ga dama ki karanta, in ba ki ga dama ba ki kunna wuta da ita.

Dangi sun zauna. An ce noman bana bai cika ba, sai Dominic ya dawo ya yi wata damina da hannunsa. Biki ya tashi daga Disamba. Na gaya wa Philip maganar Janairu, ya ce ya ji, amma ya riga ya tsallake 'yan'uwansa sau ɗaya ya sha kunya, ba zai sake ba. Na san yana son yaron. Na gan shi ya ɗauki fartanyar da Dominic ya bari bara, yana gyara mata ƙota ba tare da kowa ya sa shi ba. Amma ya kafe.

Hannah ta ari laftof ɗin ƙawarta tana sake aikin daga farko. Ta rame. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, kuma wannan shirun nata ya fi damuna.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ke. Na san zumuncinmu na nesa ne, kakarki da kakata ne suke ɗaki ɗaya, ke kina masallaci ni ina coci. Amma a gidanmu kika yi ƙuruciya lokacin da aka tura babanki aikin soja, a tabarma ɗaya muka kwana, ni na yi miki kitso har kika yi wayo. Ban taɓa ɗora miki laifin sitikar nan ba, don ni ma na ga maganar na rufe. To mi ya sa da abu ya ɓaci kika zare hannunki? Arzika ya zo sau biyu, ina tsaye a bakin tasha kamar mai jiran bashi, ya ce ba saƙo.

Dawa ta nuna, wata mai zuwa za a fara yanka. Ki gaida yara.

Rebecca

Kaduna, ƙarshen Nuwamba

Yaya Rebecca,

Na iso gida lafiya, in za a kira wannan lafiya. Bayana ya ƙage, gwiwa ta kumbura, 'ya'yana sai da suka ɗauko ni daga mota kamar buhun masara. Mijina yana ta yi min dariya, wai tsohuwa ta je golmo.

Takardarki ta Oktoba sai yanzu na same ta. Ashe ta kwana a cikin motar Arzika duk lokacin da take gareji. Na karanta na yi hawaye, sannan na ji haushi. Haba Yaya, ni zan zare hannuna? Cewa na yi rubutu ba zai gyara ba, ma'ana sai da ƙafa. Jira nake a ba Dominic fas, wato izinin fita na 'yan kwanaki, mu taho tare. Shi ya sa na ga kina min kallon baƙuwa ranar da muka sauka, na ɗauka gajiya ce.

Kina gida wurin girki lokacin da abin ya faru a gona, kuma washegari da sassafe na kamo hanya, ba mu samu zama ba. To bari in ba ki labari.

Da muka isa, Dominic yana gama gaisuwa ya tuɓe riga ya shiga yankan dawa. Ni ma na ɗaura zani a ƙugu, na karɓi lauje na bi bayansa. Baban Hannah ya ce mene ne haka, na ce golmo nake yi. Ya ce mace ba ta golmo, kuma ni dangin amarya ce. Na ce ranar da aka sayi laftof a gefen ango nake tsaye, ni na ce ya ɗauka, don haka rabin bashin noman nan a wuyana yake. Masu aiki suka yi ta dariya, har wansa da ke zaune a inuwa. Ban kula su ba. Na yanka, na yanka, ƙaiƙayi ya cika min wuya, numfashina yana fita kamar na tsohuwar mota.

Can Baban Hannah ya kasa jurewa, ya zo ya riƙe laujen, ya ce in zauna kafin in mutu masa a gona. Na zauna a kan dami, na sha ruwa, sannan na tambaye shi ko ya tuna shekarar jan-baki. Ke kin tuna. Shekararsa ta ƙarshe a gonar Baba, dawa ta yi kyau kamar ba a taɓa yi ba, tsuntsayen nan suka sauko kamar hadari suka cinye ta tas. Ni ce yarinyar da ke kai musu ruwa, na gan shi yana zaune a kan kunya ya dafe kai.

Na ce masa, "Yaya Philip, a shekarar nan ko dami ɗaya bai shiga rumbun Baba ba. Ya ce ka sake wata damina?"

Ya kalli Dominic da ke can ƙarshen gona, bayansa duk gumi. Sai ya miƙo min hularsa ya ce in tare rana, ya koma bakin aikinsa. Har muka tashi ban san ko na gyara ko na ƙara ɓatawa ba. Dominic ya koma bariki jiya. Ki rubuto min, don Allah, ko mene ne.

Ƙanwarki mai ciwon baya,
Munira

Dabai, farkon Disamba

Ƙanwata,

Ki yafe min waccan takarda. Ki yaga ta. Na aiko miki da man kaɗe kwalba guda da saiwar da Mama ke dafawa don ciwon baya, ki sha ko da ɗaci.

Bayan tafiyarku Philip ya ci gaba da girbinsa. Ranar da aka gama kwaso dawa ana zubawa a rumbu, 'yan'uwansa duk suna nan, sai ya ce wa Hannah ta ɗauko masa laftof ɗin. Na ɗauka jefar da ita zai yi a gaban mutane. Ta kawo ta a cikin jakar atamfar nan. Ya karɓa, ya hau tsani da kansa, ya ajiye ta a cikin rumbu a kan dawar bana, inda ake zuba abin da ɗan golmo ya noma. Ya sauko yana kakkaɓe hannu.

Wansa ya tambaye shi mi ke nan. Philip ya ba su labarin shekarar jan-baki, wanda rabinsu sun sani, da yadda Baba ya kira shi a lokacin ya ce shi gumi yake ƙirgawa, ba dami ba. Ya ce shi ya manta, sai da wata mai gurguwar gwiwa ta taso daga Kaduna ta tuna masa. Sannan ya ce, "Yaron nan ya yi nomansa. Tsuntsu ne ya ci."

A golmon Philip wan nasa ma yana cikin masu kora tsuntsu a shekarar, ba yadda zai ce bai gani ba.

Biki yana nan, Asabar ɗin da ke bin Kirsimeti. Hannah ta miƙa bincikenta, malamin ya karɓa. Ta ce in Allah ya hore mata ta sayi wata da kanta, bayanta za ta fara dubawa kafin ma a kunna. Ta fara cin abinci. Jiya na ji tana waƙa a bakin rijiya, na shiga ɗaki na yi kukana ni kaɗai. Janairu tana nan tana zuwa, Munira, ban manta ba, kuma ina tsoro. Amma zai tafi yana da gida, ita kuma za ta jira mijinta ne. Ki sa shi a addu'arki, ni ma ina sa shi a tawa.

Na yanka miki ankon dangin amarya, har na kai wa tela, sai Philip ya hana. Ya ce wadda ta yi golmo a gonarsa ba ta zama a cikinmu. Kujerarki tana ɓangaren ango, a sahun gaba, kusa da uwar Dominic. Ya ce kuma in gaya miki akwai kunya biyu da kika bari ba ki gama yankewa ba, amma ya yafe.

Ki zo da wuri, ki zo da gwiwar ko a yaya take.

Yayarki,
Rebecca